Walƙiya a gefen duhun wata: yadda ake kama ta, yadda ake auna ta, da hanyar shiga aikin

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen fiziks. Na ji cewa akwai masanan da aikinsu shi ne bibiyar ɗan hasken da ke walƙawa idan dutse daga sararin samaniya ya faɗa kan wata. Tunda babu iska a can, me ke kamawa da wuta? Yaya ake yin aikin a zahiri, kuma me mutum zai karanta in yana so ya zama sana'arsa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Babu abin da ke ci da wuta a can. A nan duniya iska ce ke tare dutsen tun yana nisan kilomita 80 zuwa 120 a sama, ta narkar da shi, mu ga abin da ake cewa tauraro ya faɗi. Wata ba shi da wannan kariya, saboda haka dutsen yakan isa ƙasa da dukan gudunsa, daga kilomita goma sha wani abu zuwa kusan 72 a sakan guda. Ƙarfin da ke tare da abu mai gudu shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Dutse mai kilo 1 da ke gudun kilomita 20 a sakan yana ɗauke da jul (ma'aunin ƙarfi) miliyan 200, kwatankwacin kilo 48 na nakiyar TNT. In gudun ya kai 71, kamar na duwatsun Leonid da ke zuwa a Nuwamba, wannan kilo ɗayan ya doshi kilo 600 na TNT. Akasarin wannan ƙarfi yana tafiya ne wajen haƙa rami, farfasa dutse, watsa ƙura da narkar da ƙasa. Ɗan abin da ya rage, wajen kashi 1 cikin 1,000, shi ke fita a matsayin hasken da ido ke gani, daga tururin dutse mai zafi da ɗigon narkakkiyar ƙasa da aka watsa sama. Da sun huce sai hasken ya mutu. Yawancin walƙiyoyin ba sa kai kashi ɗaya cikin goma na sakan.

An daɗe da sanin cewa duwatsu na dukan wata. Na'urorin auna girgizar ƙasa da 'yan sama jannatin Apollo suka bari a can sun naɗi duka sama da 1,700 tsakanin 1969 da 1977, kuma a Disamban 1972 Harrison Schmitt na Apollo 17 ya ba da rahoton ganin wani ɗan haske daga cikin kumbo yayin da suke zagaya wata. Amma tabbaci daga doron duniya bai samu ba sai ranar 18 ga Nuwamba 1999, lokacin ruwan duwatsun Leonid. Brian Cudnik ya ga walƙiya da idonsa ta madubin hangen nesa a Texas, bidiyon da David Dunham ya ɗauka daga wani wuri mai nisa ya nuna ta a daidai wannan lokaci, sannan José Luis Ortiz da abokan aikinsa suka kama wasu daga Monterrey a Meksiko. Ofishin NASA mai kula da duwatsun sama, wanda ke cibiyar Marshall a Huntsville, ya kama tasa ta farko ranar 7 ga Nuwamba 2005 da madubi mai faɗin inci 10, ya kuma soma sa ido na dindindin a 2006.

Abu na farko da ke taƙura mai wannan aiki shi ne lokaci. Ba a ganin walƙiya a ɓangaren da rana ke haskawa, domin hasken ya danne ta. Dole sai a ɓangaren dare na fuskar watan da ke kallonmu. Saboda haka ana aiki ne idan hasken wata yana tsakanin kashi 10 da kashi 50 cikin 100, wato kwanaki huɗu ko biyar bayan jinjirin wata ya ɗan yi ƙwari, da yamma, da wasu huɗu ko biyar kafin ya ɓuya, da asuba. In ya fi haka siranta, yana kusa da rana, yana ƙasa ƙasa, sararin sama bai gama duhu ba. In ya wuce rabi, ƙyallin ɓangaren rana ya cika madubin, ɓangaren duhun kuma ya ragu. Dare goma ke nan a wata in an yi sa'a, kowanne awa ɗaya zuwa huɗu, kuma gajimare zai cinye wasu. Yamma da asuba ma ba ɗaya ba ne. A rubu'in farko, wato lokacin zaman yamma, wata yana bayan duniya a tafiyarsu ta zagaya rana, don haka fuskar da muke gani ita ke fuskantar gaba, tana cin karo da duwatsun da ke tahowa. A rubu'in ƙarshe, wato lokacin zaman asuba, yana gaba, fuskarsa na kallon baya. Ƙungiyar NASA ta fi samun walƙiya a zaman yamma, kuma wannan na cikin dalilan.

Kayan aikin ba su da tsada kamar yadda mutane ke zato. NASA ta yi shekaru da madubai masu faɗin santimita 35 da kyamarar bidiyo ta Watec mai ganin duhu, tana ɗaukar hoto 30 a sakan. Ana sa gilashin rage tsawon hange a gaban kyamarar domin fili ya buɗe zuwa wajen minti 20 na kusurwa, wato sulusin digiri, abin da ke rufe kusan murabba'in kilomita miliyan 4, wajen kashi ɗaya cikin goma na dukan fatar wata. Nan ne amfanin watan yake: babu wata kyamara a duniya da za ta sa ido kan iska mai wannan faɗi a lokaci guda. Da irin wannan tsari ƙungiyar Rob Suggs ta NASA ta tantance walƙiya 126 cikin awa kusan 267 na kallo mai kyau, wato wajen ɗaya a duk awa biyu.

A daren aiki ana fara da saita injin da ke juya madubin ya bi gudun wata, ba gudun taurari ba. Wata yana matsawa kusan rabin digiri a awa a tsakanin taurari, daidai faɗin kansa, kuma in aka manta da wannan sai hoton ya zame har ɓangaren rana ya shigo fili. Ana ajiye iyakar haske da duhu a wajen fili gaba ɗaya, a sa bututun kare haske a bakin madubin. Ana daidaita kyamarar har a fara ganin tabo-tabon watan cikin hasken da duniya ke mayar masa, domin da su za a gane inda walƙiya ta faɗa, amma ba a ƙara ta har hoton ya cika da fari. Kowane hoto dole ya ɗauki lokacinsa daga GPS. Agogon kwamfuta kan yi kuskuren sakan ɗaya ko fiye, alhali abin da ake nema yana ɗaukar kashi 1 cikin 30 na sakan, kuma da lokacin ne kawai za a kwatanta da abin da wani ya gani. Ba a matse bidiyon don rage girmansa, saboda manhajar matsewa tana ɗaukar ɗigo ɗaya mai haske a hoto ɗaya a matsayin datti ta shafe shi. Bidiyo mai ɗigo 720 sau 480, ba matsi, yana cin wajen gigabayit 37 a awa. Kafin a fara da bayan an gama, wani lokaci a tsakiya ma, ana juyawa a ɗauki taurarin da aka san ainihin haskensu, waɗanda ke tsayi ɗaya da wata a sama, da saitin kyamara iri ɗaya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya cewa ya ga walƙiya, amma ba zai iya auna ta ba.

Washegari manhaja ce ke bin hotunan. Awa uku na bidiyo hoto 324,000 ne, ba mai iya duba su da ido. Manhajar LunarScan ta Peter Gural, da makamantanta, tana cire kowane hoto daga matsakaicin waɗanda suka gabace shi ta nuna duk inda haske ya yi tsalle. Abin da take fitarwa yawancinsa ƙarya ne, kuma a nan ne ake gane wanda ya ƙware.

Babban mai ruɗi shi ne ƙwayar makamashi daga sararin samaniya da ke bugun idon kyamarar kai tsaye. Tana barin ɗigo mai haske a hoto ɗaya tak, kamar walƙiya. Bambancin shi ne hasken gaske ya ratso iska da madubi, don haka yana baje kan ɗigogi da yawa da siffa irin ta tauraro, ita kuwa ƙwayar takan yi kaifi, ko ta ja ɗan layi. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba. Hujjar ita ce kyamara ta biyu: ƙwaya ɗaya ba za ta bugi kyamarori biyu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Mai ruɗi na biyu shi ne tauraron ɗan'adam ko tarkacensa da ya gifta ta gaban wata ya mayar da hasken rana. Na kusa suna jan layi a hotuna, sai a gane su. Na nesa, irin waɗanda ke tsayin kilomita 36,000, suna iya ƙyalli a wuri guda, kuma madubai biyu da ke gefen juna duk za su gan shi. Maganinsa nisa ne. In tsakanin madubai biyu akwai kilomita 100, tauraron ɗan'adam da ke wannan tsayi zai bayyana a wurare biyu daban a kan fuskar wata, da tazarar sama da rubu'in faɗin watan, ita kuwa walƙiyar gaske tana nan a rami ɗaya a duka hotunan. Shi ya sa NASA ta ƙara madubi na uku a jihar Jojiya. Sannan a duba jadawalin taurarin ɗan'adam na wannan lokaci. Walƙiyar da ta ɗauki hotuna da yawa tana da nata shaida: takan tashi nan take ta rinƙa raguwa sannu a hankali ba tare da ta gusa ba, ƙyallin tauraron ɗan'adam kuwa yakan tashi ya sauka daidai wa daida.

Bayan an tabbatar, sai aiki mai wuya, wato mayar da haske zuwa nauyi. Ana kwatanta walƙiyar da taurarin da aka ɗauka, a gyara abin da iska ta shanye, a sami hasken da ya iso kan murabba'in mita ɗaya a nan. Ana ninka shi da tsawon lokaci da faɗin da hasken ya bazu a nisan wata, wajen kilomita 384,400, a sami jimlar ƙarfin hasken. Tun a nan akwai zaɓi: hasken ya bazu ne a rabin ƙwallo, kamar daga kan ƙasa, ko a cikakken ƙwallo, kamar daga ƙurar da ta tashi sama? Amsar na canza sakamako ninki biyu. Daga nan a raba da kason haske, wato kason ƙarfin gudu da ya zama haske, a sami ƙarfin dukan. Sai a saka gudu a fitar da nauyi.

Ɗauki misali. An auna jul 200,000 na haske. In kason haske 1 ne cikin 1,000, ƙarfin dukan jul miliyan 200 ne. In gudun kilomita 20 ne, nauyin kilo 1, dutse mai faɗin kusan santimita 9. In kuwa Leonid ne mai gudun 71, nauyin bai wuce giram 80 ba. Walƙiya ɗaya ce, amsa biyu masu bambancin ninki sha biyu da wani abu. Bidiyon ba ya faɗin gudu ko kaɗan. Ana ɗauko shi ne daga asalin dutsen: ruwan duwatsun Geminid na Disamba kilomita 35 a sakan, na Perseid na Agusta kilomita 59, waɗanda ba na kowane ruwan duwatsu ba kuma ana ba su matsakaicin 17 zuwa 24, gwargwadon ƙungiyar da ke lissafin. Domin jingina walƙiya ga wani ruwan duwatsu, ba ya isa a ce ta faru a makonsa. Sai an lissafa ko wurin da ta faɗa yana fuskantar inda duwatsun ke fitowa a wannan sa'a, a kuma tuna cewa wata na iya shiga rafin duwatsun awa uku da rabi kafin duniya ko bayanta.

Kason hasken shi ne raunin fannin gaba ɗaya, kuma a ganina duk ɗalibin da ke neman inda zai yi tasiri ya duba nan. Luis Bellot Rubio da Ortiz sun fitar da 2 cikin 1,000 daga walƙiyoyin Leonid na 1999, ta hanyar kwatanta adadin da aka gani da adadin duwatsun da aka san rafin na ɗauke da su. Wasu bincike sun ba da ƙasa da haka, har 5 cikin 10,000. Ana gwadawa a ɗakin bincike da bindigar iskar gas, kamar wadda ke cibiyar Ames ta NASA da ta Jami'ar Kent a Ingila, amma gudun harsashinsu yana tsayawa ne a wajen kilomita 7 a sakan, ƙasa da rabin gudun duwatsun gaske. Kumbunan da aka faɗar kan wata da gangan, irin SMART-1 a ranar 3 ga Satumba 2006, an san nauyinsu da gudunsu, amma gudun wajen kilomita 2 ne kacal. Don haka duk nauyin da ka gani a labarai, ka karanta shi da sanin cewa ninki biyu ko uku sama ko ƙasa ba abin mamaki ba ne.

Abu biyu suka ƙara wa fannin ƙarfi. Na farko shirin NELIOTA, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta ɗauki nauyinsa, cibiyar nazarin taurari ta Atina kuma ta gudanar daga 2017 da madubi mai faɗin mita 1.2 a Kryoneri, ƙasar Girka. Sun raba hasken gida biyu, ja zuwa kyamara ɗaya, wanda ya zarce ja zuwa ɗayar, duka a lokaci guda. Wannan ya kawar da matsalar ƙwayoyin makamashi, ya kuma ba da zafi, tunda abu mai tsananin zafi ya fi ba da haske a gajeren zango, wato ɓangaren ja, idan aka kwatanta da mai ƙarancin zafi. Walƙiyoyi goma na farko sun nuna zafi tsakanin digiri 1,600 da 3,100 a ma'aunin Kelvin. Da sanin zafin ana iya lissafa hasken da ya fita a zangon da kyamara ba ta gani, a kuma bi yadda ɗigon narkakkiyar ƙasa ke hucewa daga hoto zuwa hoto.

Na biyu shi ne kumbon LRO na NASA da ke zagaya wata tun 2009, mai kyamarar da ke ganin abu mai rabin mita. Ranar 17 ga Maris 2013 NASA ta kama babbar walƙiya a filin wata da ake kira Mare Imbrium, daga baya LRO ya gano sabon rami mai faɗin mita 18.8 a wurin. Gano shi bai zo da sauƙi ba, domin sakan ɗaya na kusurwa (kashi 1 cikin 3,600 na digiri) a hoton madubi kusan kilomita 2 ne a kan wata, saboda haka wurin da aka ba su yanki ne mai faɗin kilomitoci, sai da aka bi sawun ƙurar da ta watsu ana kwatanta hotunan kafin da na bayan. Ranar 11 ga Satumba na wannan shekara, shirin MIDAS na José María Madiedo a Sifen ya naɗi wadda ta ɗauki sakan 8 a Mare Nubium. An ƙiyasta kilo 400 da gudun kilomita 17 a sakan, wajen tan 15 na TNT, ramin kuma ya fito mita 34. Kowane irin wannan haɗi na walƙiya da raminta yana ba da ma'auni na biyu mai zaman kansa, wanda da shi ake gwada kason hasken. Ga kuma ta 21 ga Janairu 2019, lokacin husufin wata, wadda kyamarori da yawa a ƙasashe daban daban suka kama saboda kowa na kallo. Ba ta kai sulusin sakan ba.

Amfanin aikin ya wuce sha'awa. Duwatsun da ke tsakanin 'yan santimita da mita ɗaya sun yi ƙanƙanta a hango su a sarari, sun kuma yi ƙaranci a ƙirga su da kyamarorin da ke kallon iskar duniya, don haka wata ne ke ba da adadinsu. Masu ƙera kumbo da masu shirin gina mazauni a wata suna buƙatar wannan adadi, kuma haɗarin ba dukan kai tsaye kaɗai ba ne, har da tsakuwar da ke watsuwa nesa da ramin. A 2016 ƙungiyar Emerson Speyerer ta kwatanta hotunan LRO ta gano sababbin ramuka 222, waɗanda suka kai mita 10 kuma sun fi abin da aka yi hasashe da kashi 33 cikin 100. Ana kuma shirya ƙaramin kumbon LUMIO na Turai, wanda zai tsaya a bayan wata ya riƙa kallon ɗaya fuskar ba gajimare ba iska.

Game da karatu, ba a yin digiri a kan walƙiyar wata kaɗai. Ana shiga ne ta fiziks, ilimin taurari ko ilimin ƙasa, sai digiri na biyu, sai na uku mai ɗaukar shekara uku zuwa biyar a kan ƙananan jikunan da ke zagaya rana, ko dukan duwatsu, ko kimiyyar wata. Bayansa yawanci akwai aikin bincike na kwangila, shekara biyu ko uku kowanne, kafin a sami kujera a jami'a ko cibiya. Fannin ƙarami ne, kuma kusan duk masu yinsa suna da wani aikin a gefe: Madiedo yana nazarin ƙwallayen wuta a iskar duniya, ƙungiyar Huntsville tana hasashen ruwan duwatsu domin kare taurarin ɗan'adam. Ka shirya wa haka tun yanzu. Abin da zai sa a neme ka shi ne iya auna haske daidai, lissafin ƙididdiga na abubuwan da ba sa yawan faruwa, rubuta manhaja da Python don sarrafa hotuna masu yawa, da fahimtar yadda kyamara ke yin ƙarya, misali idan walƙiya ta fi ƙarfin mataki 256 da kyamarar bit 8 ke iya bambantawa, ta cika ɗigon, ainihin haskenta ya ɓace.

Ba sai ka jira digiri ba kafin ka fara. Daichi Fujii, ma'aikacin gidan tarihi na birnin Hiratsuka a Japan, ya kama walƙiyoyi da dama da ƙananan madubai, ciki har da ta 23 ga Fabrairu 2023, kuma ƙungiyar masu kallon wata da taurari ta ALPO tana karɓar rahotanni daga masu sha'awa. Madubi mai santimita 20, kyamara mai saurin hoto 25 ko 30, lokacin GPS da aboki a wani gari mai nisa sun isa, musamman a lokacin Geminid in ya dace da ƙaramin wata. Ka rubuta farkon kowane zama da ƙarshensa, mintunan da gajimare ya rufe, yankin watan da ke cikin fili, da tauraro mafi rauni da kyamararka ta iya gani a wannan dare. Ka yi haka har a daren da ba ka ga komai ba, domin yawan dukan ana fitar da shi ne ta raba adadin walƙiya da awanni da faɗin da aka kalla, kuma in aka bar awannin da ba a ga komai ba a waje, lissafin zai nuna duka fiye da yadda suke.